Gwajin Jini ko Gwajin Riga

Duk wanda ya san Rahinatu a Briqueterie, unguwar da muke yanke wa suna mu ce Birik, ya san bakinta ba ya jiran kowa. Kafin ka gama tambaya ta ba ka amsa. Kafin ƙanwarta Jiddah ta buɗe baki kuwa, ta riga ta faɗi abin da Jiddah za ta ce, wani lokaci har da wanda ba ta yi niyyar faɗa ba. Haka suka taso. Rahinatu aka kai boko, ta iya Faransanci har ta samu aikin buga tafireta a wani kamfani a tsakiyar Yawunde. Jiddah allo ta yi, ta sauke, aka yi mata aure. Da shekarun kiriz, wato na matsin tattalin arziki, suka zo, aka zaftare albashi, kamfanoni suka dinga rufe ƙofa, Rahinatu ta wayi gari an sallame ta. Ba ta zauna kuka ba. Ta jawo keken ɗinkin Babbansu, wato mahaifinsu marigayi, ta kakkaɓe shi ta zuba masa mai, ta buɗe shago a zauren gida, sannan ta aika wa Jiddah cewa daga gobe ita za ta riƙa yin kalmasa da ɗinkin maɓalli. Ba ta tambaye ta ko tana so ba.

Sabon yadi ya yi wuyar gani a lokacin. Matan ma'aikatu tsofaffin rigunansu suke kawowa, a rage wannan, a juya waccan, a sake wa wata hannu. In mai riga ta dawo ta saka ta ga kafaɗa ta zame, Rahinatu sai ta ɗaga hannu ta ce, "Esayaj ne, madam, ba a gama ba. In bai zauna ba a farke." Esayaj shi ne gwajin riga a jikin mai ita kafin a danne ɗinki. Jiddah tana durƙushe da fil a baki take jin wannan magana kullum, har ta haddace ta.

Ita Jiddah tana ɗaura ɗankwalinta ƙasa-ƙasa, ya rufe kunnuwa ruf, ko da zafi ya kai a soya ƙwai a kan kwanon rufi. Baƙo zai ɗauka tsananin kunya ce. Mutanen gida sun san abin da ke ƙarƙashi: tsiro biyu, ɗaya a kowace fatar kunne, masu tauri da sheƙi, kowanne ya kai goro. Suna mata ƙaiƙayi, suna sukar ta kamar ana tsira mata fil, ba ta iya kwanciya a gefe sai rigingine.

Rahinatu ce ta yi su. Da hannunta.

Ana shirin bikin Jiddah ta kafe sai an ƙara wa amarya huji na biyu a sama da na jarirai, yadda 'yan matan gari suke yi. Hajja, mahaifiyarsu, ta ce a bari. "Jikin Babbanku gare ta. Kin manta yadda lambar rigakafin da ke hannunsa ta tashi ta yi tudu har ya koma ga Allah?" Rahinatu ta yi dariya ta ce Hajja dai ba ta son ci-gaba. Ta ɗauko allura da zare, ta lasa wa allurar wuta, Jiddah ta miƙa kunne tana runtse ido tana dariya. Bayan wasu watanni wani ɗan ƙwaro kamar ƙwayar dawa ya fito a bakin hujin. Ya zama gyaɗa. Da ta yi cikin fari ya yi tsalle ya zama abin da ya zama.

Abin da ya fi cin Rahinatu shi ne ba wanda ya taɓa ce mata ke kika jawo. Hajja ta yi shiru irin nata. Lado, mijin Jiddah, mahauci ne a unguwar Etoudi, shi wasa ma ya mayar da abin, yana cewa mata ya saya aka yi masa gyara, kuma mahauci ba ya raina gyara. Jiddah kuwa ko sau ɗaya. Da ma an zagi Rahinatu, da ta rama ta huta. Amma ina, sai dai ta zauna a kan keke tana kallon gefen kan ƙanwarta daga safe har la'asar, tana ganin aikin hannunta yana tura ɗankwali.

An sha man kaɗanya, an sha rubutu. Akwai wata allura ta asibiti da ake yi a cikin tsiron, ta ɗan fara lallashinsa, sai aka karya darajar kuɗin sefa, allurar ta yi ɓatan dabo a farmasi. In ma an same ta, ba irin gidansu take shiga ba.

Ana cikin haka wata rana wata mata siririya mai tabarau ta shigo da farar riga a leda, wuyan ya cinye, tana so a juya shi. Dokta Ngono ke nan, likitar fata a wani babban asibitin gari, ita ma kiriz bai bar ta ta sayi sabuwa ba. Da aka gama maganar wuya, idonta ya faɗa kan gwangwanin maɓallai da ke gaban Jiddah. Ta tsoma yatsa ta zaɓo farare masu faɗi, irin na rigar maza, ta ce da Faransanci tana son duk irin waɗannan da suke da su.

"Wace riga ce mai cin maɓalli haka, Dokta?" in ji Rahinatu.

"Ba riga ba ce. Kunnuwa ne."

Ta bayyana mata. Irin tsiron nan da ake kira keloyid, in an yanke shi kawai, dawowa yake yi, sau da yawa har ya fi da. Shi ya sa ake bin yankan da allura. To allura ta gagara, mata kuwa suna ta zuwa. Shi ne take bincike ta ga ko matsi zai iya tsaya wa allura: a yanke tsiron, a ɗinka maɓalli ɗaya gaba ɗaya baya su danne wurin har ya warke. Tana neman masu tsiro a kunne biyu, don a yi wa ɗaya allura daga ɗan abin da ta samu ta tanada, ɗayan a sa masa maɓalli, a ga bambanci a jikin mutum ɗaya.

Rahinatu ba ta bari ta kai aya ba. Ta miƙa hannu ta ɗage ɗankwalin Jiddah.

Ranar da suka je asibiti, Dokta Ngono ta zaunar da su, ta jawo kujerarta kusa da Jiddah, ta kalle ta ido cikin ido duk da ta san ba ta jin Faransanci sai na cefane. Ta yi magana a hankali, tana tsayawa don a fassara. Ta ce wannan essai ne, ma'ana ita kanta ba ta san ko maɓalli zai yi aiki ba. Ta ce ƙuri'a za a yi a ga kunnen da zai samu allura. Ta ce wanda aka sa wa maɓalli zai iya kwantawa lafiya, zai kuma iya tashi ya fi yadda yake yanzu. Ta ce in Jiddah ba ta so, ta faɗa, ba wanda zai ji haushinta, kuma tana iya zuwa gida ta yi shawara ta dawo.

Rahinatu tana saurare. Ta san ƙanwarta. Da ta ji "zai iya fin yadda yake", za ta ce bari ta tambayi Lado. Lado zai ce a tambayi Hajja. Hajja za ta ce a bar wa Allah. Kafin a gama zagaye wasu mata sun cike gurbin, tsiron nan kuma ya ci gaba da zama a gabanta har ta mutu. Ba ƙaramin so take wa ƙanwarta ba, wannan gaskiya ne. Amma a wannan lokacin, in za a faɗi tsakani da Allah, kanta take son cire wa abin.

Ta juya ta ce, "Ta ce za a yi miki gwaji, sannan a cire su duka biyun."

Dokta Ngono ta ɗaga gira. "Shi ke nan? Na yi dogon bayani."

"Hausa gajera ce, Dokta," in ji Rahinatu, tana murmushi.

Jiddah ta taɓa hannun yayarta. "Adda, gwaji? Irin na jini da ake mana wurin awon ciki?"

Kalma ɗaya ce, kowa ya sani. Gwajin jini gwaji ne, gwajin riga ma gwaji ne. Na farko likita ya san abin da yake nema, ɗiba kawai zai yi ya duba. Na biyu ba wanda ya san yadda zai zauna sai an saka. Rahinatu, wadda take cin abinci da na biyun, ta fi kowa sanin tazarar da ke tsakaninsu.

"Irinsa," ta ce.

"To ai ba komai. Ki ce mata na gode."

Rahinatu ta ce wa likita ta yarda.

Ƙuri'a ta ba kunnen dama allura, na hagu maɓalli. Aka yi allurar kashe zafi aka yanke, Jiddah ta fito da kai a naɗe da bandeji. Da aka kwance a gida ta ga fararen maɓallai na gwangwaninta a manne a kunnenta, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ta ɗinka wa rabin Birik maɓalli, yau ga shi an rama. Lado ya ce saura a yi mata aljihu. Ko Hajja sai da ta murmusa.

"Amma Adda, me ya sa wannan allura, wannan maɓalli?"

"Kowane kunne da irin maganinsa. Ke kika fi likita sani?"

Jiddah ta bar maganar, kamar kullum.

Allurar kunnen dama tana da zafi, duk zuwa sai Jiddah ta damƙe hannun yayarta har farce ya shiga. Na hagu ba ruwansa, ana duba shi a goge a bar shi. Da lokaci ya yi aka cire maɓallan, kunnuwa biyu suka fito a kwance, sai ɗan siririn layi. Dokta Ngono ta auna da 'yar rularta, ta ce a yi hattara da murna, irin wannan tabon yana iya yin lamɓo wata da watanni. Wannan ma Rahinatu ta haɗiye shi. Ta ce wa Jiddah likita ta ce madalla.

Ranar sunan ɗiyar maƙwabta Jiddah ta ɗaura ɗankwali can sama, kunnuwa a waje suna shan iska, karo na farko tun tana amarya. Mata suka yi ta juya ta suna kallo. Ta dinga nuna Rahinatu tana cewa, "Adda ce. Duk Adda ce ta yi." Rahinatu ta karɓi yabon, ta ci tuwon suna, amma ba ta ji daɗinsa ba. Tun daga ranar ta koma kallon kunnen hagu kamar mai gadin tukunya a kan wuta.

Da ruwa ya dawo, jar lakar unguwa ta fara bin mutane har cikin ɗaki, sai ta ga hannun Jiddah yana tashi daga kan ɗinki yana zuwa hagu. Ya taɓa, ya sauka. Can an jima ya sake tashi. Rahinatu ta taka keke da ƙarfi don kada ta gani, amma ta gani.

Wannan karon bai tsaya yin ƙwayar dawa da gyaɗa a hankali ba. Ya taso tsawon layin yankan gaba ɗaya, ja, mai zafi, ya bi gefen kunnen ya haura. Kafin ruwa ya ɗauke ya wuce girman wanda aka cire. Na dama yana nan a kwance lafiya lau, kamar yana yi wa ɗan'uwansa dariya. Ɗankwali ya koma ƙasa. Lado ya daina wasan gyara.

Wata safiya babu kowa a shagon, Jiddah ta ajiye allura ta ce, "Adda, ki yafe mini."

"Me kika yi?"

"Ni na ɓata. Na sha farkawa in ga na kwanta a kansa. Kuma ranar sunan nan na bar shi a rana, na yi ta nuna shi ga mutane, wataƙila baki ne. Kin yi ta wahala, kin kai ni wurin ƙawarki, ta yi aikinta da kyau, ga na dama shaida. Ni ce na ba ki kunya."

Ga ƙofa a buɗe. Abin da ya rage wa Rahinatu ta ce, ba ke ba ce, ni ce. Ta buɗe baki za ta faɗa. Sai tsoro ya riga ta. Mutumin da ya saba shi ne mai gaskiya a gida, faɗa ya fi masa sauƙi.

"Ai sai da na ce ki daina sosawa!" ta daka mata tsawa. "Kullum hannu a kunne, kullum hannu a kunne, kamar ƙaramar yarinya!"

Jiddah ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne." Ta ɗauki allurarta. Daga ranar, in ƙaiƙayi ya taso mata, sai ta zauna a kan hannunta na hagu, hawaye yana taruwa a idonta, tana ɗinki da ƙyar da hannu ɗaya. Rahinatu ta ga wannan ma. Ta daina cin abincin kirki. Ta ɗinka wa wata madam hannun riga a baibai har sau biyu, ita da ba a taɓa kama ta da kuskure ba. In ta idar da salla takan daɗe a zaune tana neman gafara, alhali ta san wadda ya kamata ta roƙa tana nan a zaure, taku kaɗan daga inda take.

Ranar komawa asibiti ta zo. Suka fita bakin titi, Rahinatu ta tsayar da tasi ta faɗi inda za su, suka matsu a baya da wasu mutum biyu.

Dokta Ngono ta kwance ɗankwalin da kanta. Ta daɗe tana kallo kafin ta ɗauki rula. Da ta gama ta cire tabarau ta murza ido, ta jawo kujera kusa da Jiddah kamar wancan karon. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai. Ta ce a cikin matan da suka shiga essai ɗin, akwai waɗanda maɓalli ya riƙe musu, akwai waɗanda ya ƙi, kuma har yanzu ba ta gano dalili ba. Ta ce ba laifin Jiddah ba ne ko kaɗan, ba kwanciya ba, ba susa ba. Ta ce tana gode mata, don ta san haɗarin ta shiga da idonta a buɗe, kuma abin da aka koya a kunnenta zai amfani matan da ke bayanta. Yanzu tana da shawara: a sake yanke na hagu, a haɗa masa maɓalli da allura tare. Amma wannan ma essai ne. Ba ta da tabbas. Jiddah tana iya cewa a'a.

Rahinatu ta juya, tana neman ta inda za ta gajarce wannan kuma. Jiddah ta riga ta.

"Adda."

"Na'am."

"Kalmar nan da take ta maimaitawa. Ese, ese. Wancan karon ma ta yi ta faɗinta, na riƙe ta a kunne." Ta ɗan tsaya. "'Yar'uwar esayaj ce?"

Rahinatu ta kau da kai. Ta kalli rula a kan tebur, ta kalli taga.

"Adda, ke nake tambaya. Gwajin da kika ce mini, na jini ne ko na riga?"

"Na riga," in ji Rahinatu.

"Wato ita ma ba ta san ko zai zauna ba."

"Ba ta sani ba."

"Ta ɓoye ne, ko ta faɗa?"

"Ta faɗa. Duka ta faɗa. Ta ce zai iya fin da. Ta ce in tambaye ki ko kin yarda, in ba ki so ki ce a'a." Yanzu da bakin ya buɗe ya ƙi rufuwa. "Kuma yanzu ta ce ba kwanciya ba ce, ba susa ba ce, ba ke kika ɓata ba. Jiddah, na ji tsoro ne kada ki ƙi. Na gaji da ganinsu. Ni na huda ki, kullum ina kallonsu, na ce in an cire…"

"Riga in ba ta zauna ba a farke," in ji Jiddah a hankali. Ta kai hannu ta taɓa kunnen hagu, wannan karon ba ta ɓoye ba. "Na zauna a kan hannuna, Adda. Kina kallo."

Dokta Ngono tana bin fuskokinsu da ido. Ta tambayi abin da ke faruwa. Ba mai fassara mata sai Rahinatu, don haka dole ta sake faɗin abin da ta yi, da bakinta, da Faransancin nan da take taƙama da shi. Likitar ba ta yi faɗa ba. Sai ta ce, kamar da kanta take, "Hausa gajera ce. Na ji a jikina a ranar, na bar shi ya wuce don ina neman mutane." Ta tashi ta leƙa waje, ta sa a kira mata wata nas mai suna Zara, 'yar Garwa, daga ɗakin haihuwa.

Kafin nas ɗin ta iso, Jiddah ta juyo ta fuskanci yayarta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa iyawa ba.

"Kin ɗauka hujin nake riƙe da ke? Ni na miƙa miki kunnena ranar, ina so, ina dariya. Na ji abin da Hajja ta ce kamar yadda kika ji. Wannan namu ne mu biyu, ban taɓa ɗora miki ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Kuma da kin gaya mini gaskiyar wannan, da na ce to. Wallahi da na ce to. Ni nake kwana da su, na fi ki son a cire. Da ya dawo sai in ce na gwada bai yi ba, in ɗauki abina. Amma ba ki tambaye ni ba."

Rahinatu, wadda ba a taɓa rufe wa baki a Birik ba, ta sunkuyar da kai.

Zara ta shigo tana goge hannu, ta yi sallama, ta ce da Hausarta ta Garwa, "Wace ce mai kunne?" Jiddah ta ce ita ce. Dokta Ngono ta ce za ta fara tun daga farko, kuma duk jimlar da ta faɗa a mayar da ita yadda take. Rahinatu ta gyara zama, ta matsa don ta ba nas wuri.

"Adda," in ji Jiddah. "Ki jira ni a waje."

Benci ne na katako a barandar, mata uku a kai, kowacce da ɗankwali ƙasa-ƙasa. Suka matsa mata. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, tana jin muryar likita, sai ta nas, sai ta Jiddah. Ta Jiddah ce ta fi yawa. Mata nawa ya riƙe wa? Waɗanda ya ƙi, ya suka ƙare? In aka bar shi haka zai ci gaba da girma, ko zai tsaya? In aka haɗa biyun ya sake dawowa, akwai sauran kunnen da za a yanka? In ta samu ciki fa? Tambaya tana bin tambaya, a natse, ba in'ina. Rahinatu ta zauna da hannuwa a cinya tana sauraro. Shekara da shekaru tana magana a madadin yarinyar nan, ba ta taɓa sanin tana da tambayoyi haka ba. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta da wurin ajiyewa.

Matar da ke gefenta ta ɗan zungure ta. "Ke ma kunnen ne?"

"A'a," in ji Rahinatu. "Rakiya na yi."

An daɗe kafin ƙofa ta buɗe. Jiddah ta fito tana ɗaura ɗankwali, ta yi wa nas godiya da Fulatanci, ta wuce. Rahinatu ta bi ta, suka sauka matakala, suka ratsa masu sayar da lemo da soyayyiyar ayaba a bakin ƙofar asibiti. Sai da suka kai titi ta iya tambaya.

"Me kika ce mata?"

"Na ba ta amsa."

"To za a yi, ko ba za a yi ba?"

Jiddah ba ta juyo ba. Wata tasi ta rage gudu, direban ya leƙo da kai yana jiran a faɗi wuri. Rahinatu ta buɗe baki kamar yadda ta saba, sai ta ji muryar ƙanwarta ta riga ta, da ƙarfi, har mai lemo ya waiwayo.

"Birik, mutum biyu!"

Direban ya yi ham. Jiddah ta buɗe ƙofar gaba ta shiga, Rahinatu ta zauna a baya, daidai inda take ganin kunnen hagu.